Yaran Unguwa da Masu Ba-ni-in-ba-ka: Yaya Za a Tare Su Ba Tare da An Karya Ƙafa Ba?

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san ni da koyar da nahawu da tsarin sauti a jami'a, yau kuma ya gan ni a wannan shafi ina maganar ƙwallon ƙafa, ba laifi in ya tambaya: me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne wata yammacin Asabar a cikin hunturun da ya gabata, a filin wata makarantar firamare da ke bayan unguwarmu, inda na tsaya ina kallo da idona aka ciccibi wani yaro ɗan shekara 14 aka sa shi a a-daidaita-sahu, ƙafarsa ta dama tana lilo, yana kiran mahaifiyarsa.

Ɗana na biyu yana cikin ƙungiyar yaran unguwa ta 'yan ƙasa da shekara 15, kuma a ranar sun karɓi baƙuncin wasu yara daga ɗaya daga cikin makarantun koyon ƙwallo masu zaman kansu da suka fara yawa a biranenmu. Baƙin nan ba su fi namu tsawo ko ƙarfi ba, hasali ma namu sun fi su cika ido. Abin da suka fi mu shi ne salon nan da masu sharhin wasanni ke kira ba-ni-in-ba-ka: a taɓa sau ɗaya ko biyu, a miƙa wa na kusa, a sauya wuri, a sake karɓa. Yaranmu suka yi ta bin ƙwallo duuu kamar kaji an watsa musu tsaba, kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura mana uku, harsuna duk a waje. A nan ne na ji kocinmu ya tara su yana cewa, "Ku shiga jikinsu! Kowa ya kama mutuminsa. In ƙwallo ta wuce, kada mutum ya wuce." Ba a yi minti goma da dawowa ba wani yaronmu, ɗan maƙwabcina, yaro mai kunya wanda ko ido ba ya iya haɗawa da babba, ya zamo da ƙafa biyu ya haɗa da ƙaurin ɗan tsakiyarsu. Har inda nake tsaye na ji ƙarar. An ƙarasa wasan, an tashi biyar da nema, shi kuwa wanda ya yi ketar ya kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Ba na so mai karatu ya ɗauka kocin nan mugu ne. Tela ne, da kuɗin ɗinkinsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda, kuma ya raba yara fiye da talatin da zaman kashe wando a bakin titi. Abin da aka koya masa yana yaro shi ya koyar, kuma irin wannan huɗuba tasa ana yin ta a filayenmu tun daga Kano har Maraɗi. Amma tambayar da ta hana ni sakat ita ce: idan yara suka gamu da waɗanda suka fi su iya raba ƙwallo, shin babu wata hanya ta uku tsakanin shan kashi da karya ƙafar ɗan mutane? Wannan tambaya ce ta sa na shafe watanni ina sake kallon tsofaffin wasanni, ina zuwa shagon telan nan bayan sallar isha'i muna jera murafun kwalba a kan teburin yanka, har muka fahimci juna. Abin da muka tattauna shi nake so in kawo a nan, domin na san iyaye da malamai da yawa da ke karanta wannan shafi suna da yara a irin waɗannan ƙungiyoyi.

Da farko dai mu 'yan Nijeriya bai kamata wannan salo ya zama mana baƙo ba. Ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta ɗauki kofin duniya sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma na 2007 a hannun Sifaniya ta ƙwace shi, ƙasar da ta fi kowa shahara da ba-ni-in-ba-ka. A ranar 9 ga Satumba na wannan shekara, a Koriya ta Kudu, an shafe minti 120 babu wanda ya leƙa ragar wani, sannan a bugun fenariti Sifaniya ta ɓarar da ukun da ta buga, biyu daga ciki golanmu Dele Ajiboye ne ya kaɗe. Adalci shi ne a ambata cewa gwarzonsu Bojan bai buga wasan ba saboda jan katin da ya samu a wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya horar da yaran nan, marigayi Yemi Tella, malami ne a Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, kuma ya rasu a watan Oktoba, makonni kaɗan bayan ya kawo kofin gida. Shekara biyu bayan haka, da aka yi gasar a ƙasarmu, Sifaniya ta zo da su Isco da Koke da Morata, kuma mutanen Kano sun gan su da ido a filin wasa na Sani Abacha. A wasan kusa da na ƙarshe a Legas yaranmu suka doke su 3 da 1. Sai kuma reshe ya juya da mujiya a wasan ƙarshe a Abuja: Suwizalan ta tsare gida da haƙuri, ta ci mu ɗaya tilo daga bugun kwana, ta tafi da kofin.

A cikin yaran Sifaniya da suka buga a Kano a 2009 akwai wani mai suna Pablo Sarabia. Shekara 13 bayan nan, ranar 6 ga Disamba 2022 a Katar, shi ne ya fara buga wa Sifaniya fenariti a karawarsu da Maroko, ƙwallon ta daki turke. Wannan wasa ya isa a koyar da shi a aji. Sifaniya ta riƙe ƙwallo kusan kashi 77 cikin ɗari, ta yi fasin sama da 1,000, amma a cikin minti 120 sau ɗaya kacal ta buga ƙwallon da ta nufi raga. An tashi babu ci, Maroko ta yi nasara 3 da nema a fenariti, daidai da sakamakon yaranmu na 2007. Matasan Maroko 'yan ƙasa da shekara 20 kuma sun maimaita irin wannan a 2025 a ƙasar Chili, inda suka doke Sifaniya 2 da nema a rukuni, suka doke Ajantina 2 da nema a wasan ƙarshe suka ɗauki kofin duniya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da aka samu da karya ƙafa.

To, kafin a nemi magani sai an san ciwo. Masu ba-ni-in-ba-ka ba don ado suke yawan miƙe-miƙen nan ba. Tarko suke ɗanawa. Suna juya ƙwallo daga dama zuwa hagu, su mayar baya, su sake juyawa, suna jiran ɗan baya ɗaya ya ƙosa ya baro wurinsa. Da ya baro, sai wani ya faɗa gurbin da ya bari. A koyaushe suna tsayuwa ne uku-uku kamar duwatsun murhu, yadda mai ƙwallo zai sami aƙalla mutum biyu da zai iya bai wa. Mafi haɗari kuma shi ne mutum na uku: na ɗaya ya bai wa na biyu, idon kowa ya koma kan na biyu, shi kuwa ya taɓa ta sau ɗaya zuwa ga na uku wanda tun farko shi ake nufi, kuma ya riga ya fara gudu tun ƙwallo ba ta bar ƙafar na ɗaya ba. Ƙwallo ta fi kowane yaro sauri, kuma ba ta gajiya. (A ƙamus ƙwallo namiji ne, amma a fili kowa "ta" yake ce mata, ni ma na bi yarima a sha kiɗa.) Saboda haka duk wanda ya sa yaransa bin ƙwallo ya sa su tseren da ba za su taɓa ci ba, kuma yaron da ya gaji ya ji kunya a gaban 'yan unguwarsu shi ne yaron da ke kai keta.

Umarnin nan na "kowa ya kama mutuminsa" ma yana da tasa illar. Idan ka ce wa yaro ya bi wane duk inda ya shiga, ka miƙa wa abokin hamayya akalar yaronka ke nan, ya ja shi duk inda ya so. Ɗan gabansu zai janye zuwa tsakiya, lamba biyar ɗinka ya bi shi, ƙofar gida ta zauna a buɗe. Kuma da zarar an yanke mutum ɗaya, lissafin kowa ya rushe, domin babu wanda aikinsa shi ne rufe ɓarakar wani. Da na rasa yadda zan fahimtar da telan nan, sai na tuna masa dara, wadda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Na ce, "Koci, in abokin dararka ya jera biyu, me kake yi?" Ya ce, "Dakta, ai sai in sa nawa a gurbi na uku." Na ce, "To ka taɓa ganin gwanin dara yana bin 'ya'yan abokinsa ɗaya bayan ɗaya?" Ya yi shiru, ya ɗauki murfin kwalba ya ajiye tsakanin wasu biyu. Daga ranar ba mu sake gardama a kan wannan ba.

Abu na farko da ke tsare gurbi shi ne matsewa. Cikakken fili yana da tsawon kusan mita 105 da faɗin mita 68, kuma babu yara goma da za su iya rufe wannan sarari. Amma ba a bukatar a rufe shi duka, domin raga ɗaya ce kuma a tsakiya take. Arrigo Sacchi, wanda ya ci kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990 alhali bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba (takalma yake sayarwa kafin ya zama koci), ya kafa wa 'yan wasansa doka cewa tsakanin ɗan baya na ƙarshe da ɗan gaba na farko kada tazara ta wuce mita 25 idan ba su da ƙwallo. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, yakan tsayar da gola da 'yan baya huɗu, cikinsu har da Baresi da Maldini, ya sa mutum goma su kawo musu hari na minti 15, goman nan su kasa ci, saboda biyar ɗin a tsare suke, goman kuwa kowa gabansa yake yi. Mu a filinmu na ƙura ba mu da ma'aunin mita. Abin da muka yi shi ne layi biyu na mutum huɗu-huɗu, da yaro ɗaya mai natsuwa a tsakaninsu, da ɗan gaba ɗaya. Tsakanin layi da layi taku goma zuwa goma sha biyu. Muka sami igiyar shanya muka sa 'yan bayan huɗu suka riƙe, in ƙwallo ta tafi dama su zarya dama tare, in ta dawo su dawo tare, wanda ya makara igiya ta fizge shi. Yaran sun sha dariya a makon farko. A mako na uku mun ajiye igiyar.

Abu na biyu, a toshe tsakiya a bar musu gefe. Wannan ne ya fi wuyar shiga kan yara da 'yan kallo, domin da an ga baƙi suna ta wasa da ƙwallo a gefe ko a gidansu sai a fara ihu, "Ku je ku ƙwace mana!" Alhali ƙwallon da ke can nesa ba ta cutar da kowa. Wadda ke kisa ita ce wadda aka cusa tsakanin layin tsakiya da layin baya, ɗan wasa ya karɓa ya juyo yana fuskantar raga. Abin da Maroko ta hana Sifaniya ke nan: Sofyan Amrabat ya kafe a gaban 'yan baya, ɗan gabansu En-Nesyri kuma maimakon ya yi ta bin 'yan bayan Sifaniya sai ya tsaya yana tare hanyar da ƙwallo za ta bi ta isa ga Busquets, wanda shi ne mai rabon. Sifaniya ta yini tana zagaye gida ba ta sami ƙofa ba. Idan aka kora ƙwallo zuwa gefe kuwa, layin fili ya zama ƙarin ɗan baya wanda ba a biya shi ko sisi ba, domin mai ƙwallo ya rasa rabin hanyoyinsa. A nan ne ake ritsa shi, mutum biyu ko uku, a ƙwace.

Sai kuma yadda yaro ɗaya zai tunkari mai ƙwallo, kuma a nan ne maganar karaya take. Mun koya musu cewa aikin wanda ya fara isa shi ne jinkirtarwa. Ya taho da gudu yayin da ƙwallo ke tafiya, ya rage sauri idan saura taku biyu, ya tsaya a karkace da gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya nuna wa mai ƙwallo hanyar waje. Ko da zai taho, ya taho a baka-baka yadda jikinsa zai rufe layin da ke tsakanin mai ƙwallo da wanda yake son bai wa. Da haka yaro ɗaya ya tsare mutum biyu. Na biyu ya tsaya a bayansa kaɗan ta ciki, domin in an yanke na farko a tarar da shi. Sauran su matso su cike. Idan mai ƙwallo ya bayar ya zura da gudu, wanda ke gabansa ya bi mutumin, kada ya juya kai yana kallon ƙwallo, domin wannan juya kai shi ne abincin masu ba-ni-in-ba-ka. Zamiya da ƙafa kuwa mun hana ta gaba ɗaya a atisaye. Ko ba a taɓa kowa ba, yaron da ya kwanta a ƙasa ya fita daga wasa na daƙiƙa uku ko huɗu, kuma a cikin wannan lokaci an yi fasin biyu.

Kada a ɗauka ana cewa a zauna kurum ne a jira. Akwai lokutan farmaki, kuma yara suna saurin gane su idan an ba su suna: idan ƙwallo ta kuɓuce wa mai karɓa, idan ya karɓa yana bai wa ragarmu baya, idan aka yi fasin mai sanyi, idan aka tilasta masa amfani da ƙafar da ba tasa ba. A nan filayenmu marasa ciyawa suna taimakon mai tsaro, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta ɗaga ƙwallo zuwa gwiwa. Tun daga 2019 da aka sauya doka, ba dole ba ne bugun gola ya fita daga da'irar mita 16 da rabi kafin a taɓa shi, shi ya sa makarantun koyon ƙwallo suke koya wa yara fara gini tun daga gaban raga. Yaro ɗan shekara 14 da aka bai wa ƙwallo a wannan wuri, in ya ga mutum biyu sun taso masa, sau da yawa ƙafarsa rawa take. Amma farmakin nan ko dai a yi shi tare ko a bar shi. Mutum ɗaya in ya tafi shi kaɗai, wahalar banza ya sha. Tarkon satar gida kuwa ban ba da shawararsa ba ko kaɗan a wasannin unguwa, inda alƙali ɗaya ne, babu masu tuta, kuma hukunci yakan bi ƙarfin ihun 'yan kallo. Ƙa'ida mai sauƙi ta wadatar: in an takura mai ƙwallo, layi ya fita, in yana da sarari ya ɗaga kai, layi ya ja da baya.

Wani abin da ya kusa ɓata mana aiki shi ne me za a yi bayan an ƙwace. Yaranmu sun saba da dakawa gaba, duk inda ta faɗi Allah ya kai, sai ta dawo cikin daƙiƙa biyar a sake sabon wahala. Ƙungiyar da ta kwaso mutum bakwai ko takwas zuwa gidanka ta bar bayanta a buɗe, saboda haka fasin na farko bayan ƙwace shi ne mafi tsada a wasan. Muka ware yaro mafi sauri ya riƙa tsayawa a gefen da ɗan bayansu ya hau, kowa ya san inda zai same shi ko da bai ɗaga kai ba. Wahalar da muka sha ita ce shawo kan 'yan gaba su yarda su dawo tsaro, domin kowane yaro a yau Osimhen yake son zama. Sai da na nuna musu wasan Inter Milan da Barcelona na watan Afrilu 2010, inda aka kori Thiago Motta tun kafin a yi rabin sa'a, Samuel Eto'o na Kamaru, wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai har sau biyu a 2006 da 2009, ya koma gefe yana tsaro kamar lamba uku har aka tashi. Inter ta sha ɗaya a ranar, amma da yake ta ci 3 da 1 a gida ita ta wuce, ta kuma ɗauki kofin.

Yanzu bari in shiga gonata. Tsaro aiki ne na baki kafin ya zama na ƙafa, domin ɗan baya yana ganin abin da ɗan tsakiya ba ya gani. Mun aro kalmomi da yawa, irin su fasin da kwana da fenariti da gola da makin, kuma ba ni da ja a kan aro, kowane harshe mai rai yana yi. Amma a lura da yadda muke amfani da "makin": kullum mutum ake yi wa, "yi makin ɗinsa". Ba ka taɓa jin an ce a yi makin ɗin wurin da babu kowa. Ba na cikin masu cewa harshe kurkukun tunani ne, amma a fili, inda daƙiƙa ɗaya ke raba ci da tsira, abin da ba shi da gajeren suna ba a iya kiransa a kan lokaci. Shi ya sa muka ɗauko "gurbi" daga dara muka mayar da ita kalmar fili. Muka tsayar da kira biyar kawai: "Tare!", "Ina baya!", "Kai shi waje!", "Fita!" da "Dawo!"

Hausa kuma tana da wata baiwa a nan. F. W. Parsons, masanin Hausa ɗan Ingila, ya kasa aikatau ɗinmu zuwa azuzuwa bakwai a 1960, kuma aji na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin "o", wanda ke nuna aikin ya nufo wajen mai magana: fita da fito, matsa da matso, koma da komo. Da wasali ɗaya ka gaya wa yaro aiki da alkibla a lokaci guda. To amma fa alkiblar tana rataye ne da inda mai maganar yake tsaye. "Matso" daga bakin gola tana nufin a dawo wajen raga; "matso" daga bakin koci tana nufin a zo bakin layi; "matso" daga bakin uban yaro da ke tsaye a can ɗaya gefen tana nufin wani wuri na uku. Yaro mai biyayya, wanda aka tarbiyyantar da shi ya amsa kiran babba, shi ne ya fi ruɗewa. Saboda haka muka yanke cewa idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, murya ɗaya ce ke ba da umarnin fita da dawowa, ta gola, tun da shi ne ke ganin kowa kuma wurinsa ba ya sauyawa. Koci ya yi shiru sai an tsaya. Iyaye su tafa kawai.

Na san akwai masu cewa koya wa yara zaman tsaro kashe musu basira ne, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Yaro ɗan shekara tara ko goma a bar shi ya yi yanka ya ɓarar, ya sake. Ba a ɗaura masa igiyar shanya. Kuma ƙungiyar da ba ta san komai ba sai jiran kuskuren wani ba za ta fitar da ɗan wasan kirki ba. Shi ya sa rabin atisayenmu ya koma wasan da'ira, biyar a waje suna rabawa biyu a ciki suna nema, irin wanda Barcelona ta shahara da shi tun zamanin Johan Cruyff. Na waje suna koyon fasin, na ciki suna koyon tare hanya, kowa kuma yana ɗanɗana duka biyun. Amma a nawa ganin abin da ya fi kashe basirar yaranmu shi ne dogaro da ƙarfin jiki, da ƙanwarsa, wato rage shekaru. Saurayi ɗan shekara 19 da aka sa cikin 'yan 15 ba ya bukatar sanin gurbi, kafaɗa ta ishe shi, sai ranar da ya gamu da tsaransa a ga ba a koya masa komai ba. Hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 2009. A 2016 wannan gwaji ya zubar da 'yan wasanmu 26 ana dab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da mu, ta kuma wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya. Ƙasar da ta ɗauki kofin sau biyar ba ta sami gurbi a gasar 2023 da ta 2025 ba. Wannan batu ne na wata rana, amma tushensa yana irin filin da ke bayan unguwarmu.

Bayan ƙaramar salla muka kai musu ziyarar ramuwa. Kafin wasa koci ya ɗauki ɗan maƙwabcin nawa muka je gidan yaron da ya karye, aka gaisa da mahaifinsa, aka ba da haƙuri karo na biyu. An cire masa ɗauri, yana takawa da sanda, likita ya ce sai bayan wasu watanni zai koma fili. Ya zo kallo a ranar, ya zauna a benci tare da yaranmu na canji.

Sun riƙe ƙwallo kamar yadda suka saba, mu kuma muka riƙe wurarenmu. Sun ci ɗaya daga bugun tazara, mun farke ana dab da hutu da fasin biyu kacal bayan an ƙwace a gefen hagu. Babu kati ko ɗaya, babu wanda aka ɗauka a kafaɗa. Saura kamar minti shida a tashi kunnen doki, ɗan tsakiyarsu ya taho da ƙwallo babu kowa a gabansa, gola yana ta kiran "Dawo! Dawo!", sai wani mutum daga bakin layi ya ƙwalla kira da dukkan ƙarfinsa, "Fito ka tare shi mana!" Ɗana ya ji muryar da ya sani tun yana goye, ya baro layi, aka cusa ƙwallo ta gurbin da ya bari. An tashi 2 da 1.

A mota muna dawowa bai ce komai ba har muka wuce shatale-tale biyu. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Abba, ai kai ka ce murya ɗaya." Koci kuwa ya aiko min da saƙo da daddare, cikin girmamawa, cewa a wasa na gaba an tanadar wa Dakta kujera a ƙarƙashin darbejiyar da ke can bayan katanga.